Lallen Dije da Ƙwarar Innarmu

Ranar wata Alhamis ce a farkon watan bakwai, shekarar da Yaya Asabe take ɗauke da cikin fari, ni kuma ban wuce shekara tara ba. Bayan azahar kaɗan na tsinci kaina a kan falalen dutsen da ke bayan unguwarmu, can gefen Kontagora, ruwa yana dukana ta ko'ina, ina kallon ƙwarar Innarmu tana gangarewa. Ƙwara ita ce ƙwallon kaɗanya, wadda ake yin man kaɗe da ita. Wannan ta shekara guda ce cur, an riga an dafa ta, saura kaɗan ta bushe, kuma da ita za a yi man da Inna za ta kai wa Yaya Asabe idan ta sauka. Ruwan ya kwaso ta yana zubawa cikin kwazazzabo, ni kuwa ina tarewa da zanina, in kama nan, can ta tafi. A tsakiyar dutsen ga tampol ɗin Dije maƙwabciyarmu, kore shar, mai faɗin da zai rufe ɗaki guda, an danne gefunansa da duwatsu tsaf. Abin da ke ƙarƙashinsa ɗan tsakin masara ne da bai cika faifai biyu ba. Ranar kuwa Dije ce mai tsaron shanya.

Sai na ɗan koma baya, don yaran yanzu ba za su gane abin da zai sa mace ta riƙe maganar ƙwara har ta yi jikoki ba. Mu a unguwarmu ba a fara komai ba a ɗaga kai an dubi sama ba. Idan bazara ta kama, zafin Kontagora yakan sa kaji su buɗe baki su sauke fiffike, rijiyar unguwa ta koma laka, mu 'yan mata mu ɗauki tulu mu tafi rafi mu tona yashi da ƙoƙo, mu tsuguna muna jiran ruwa ya tsattsafo. Da rana ba a taka ƙasa sai da gudu, daga inuwar wannan mangwaro zuwa ta wancan. A lokacin ne maza suke sharar gona da baibayar ɗakuna, mata suna yaɓe da daɓe, kowa yana aiki yana leƙen gabas. Ranar da shamuwa ta sauka kan kukar bakin hanya sai unguwa ta ɗauka kamar an yi baƙo daga nesa. Ruwan farko namu ne na yara. Baba ba ya shuka da shi, yakan ce, "Wannan na wanke sama ne, ku je ku yi wasanku." Mu yi ta tsalle a tsakar gida har haƙora su fara kaɗawa, kashegari mu tara shinge, garar nan mai fiffike, a kwano Inna ta soya mana da gishiri. Sai an sami ruwan da ya ratsa ƙasa sosai sannan ake fita da iri, Baba yana sara a gaba, mu muna binsa muna zuba dawa muna rufewa da diddige.

Kaɗanya tana fara zuba ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shuka kuma ba ta kai ko'ina ba. A gonar Baba akwai itatuwanta manya da ya gada, kuma ko da wasa ba a sa musu gatari. Gonar ta namiji ce, amma abin da kaɗanya ta zubar na mata ne. Ba a hawa, ba a girgiza, ba a jifa, sai wadda ta faɗo da kanta. Da sassafe muke tafiya ni da Inna, raɓa tana jiƙa mana zani har gwiwa, mu riga shanun Fulani da awaki. Ni dai shan naman kaɗanyar ne ya fi damuna, mai zaƙi da laushi, wanda sau da yawa shi ne karin kumallonmu. Ƙwallayen kuma a tara su a wanke, a dafa a babbar tukunya, sannan a shanya har sai an girgiza ɗaya a kunne an ji abin ciki yana motsi. Daga nan sai fasa, da suya, da daka, da niƙa a dutse, da bugu cikin ruwa har hannu ya mutu, kafin farin man ya taso sama. Da shi muke miya, da shi muke shafa faso idan sanyi ya zo, da shi ake gasa cibiyar jariri a mulke masa jiki. A wajenmu uwar da 'yarta ta yi haihuwar fari takan kai man da ta yi da hannunta, kuma dangin miji sukan buɗe ƙwaryar a gaban mutane su duba farinsa.

Wahalar ita ce, aikin da yake son rana ya faɗo a tsakiyar damina. Dafaffiyar ƙwara idan ruwa ya sake dukanta ba ta sami rana ba, sai ta yi fumfuna, cikinta ya yi baƙi, man ya fito da ɗaci da wari. Shi ya sa matan unguwa suke shanya wuri guda, a falalen dutsen nan da ke ɗaukar zafi kamar tanda, kuma shi ya sa aka yi tsaro. Kowace rana mace ɗaya za ta bar gona ta zauna ƙarƙashin tsamiyar gefen dutsen, tana korar awaki tana kallon gabas. Daga cikin unguwa ba a ganin gabas, tudu da itatuwa sun tare, kafin iska ta iso gidaje an riga an makara. Amma daga kan dutsen ana hango hadari tun yana ɗan baƙi kamar hayaƙin gona. Da mai tsaro ta gani sai ta miƙe ta fara kiran matan unguwa da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya, murya tana tsallake danga. Duk wadda ke gida, tsohuwa ce, mai jego ce, yara ne, sai a fito da kwanduna a guje. Ba a tambayar na wane ne, abin da hannunka ya kai shi za ka kwasa. Wadda ta tsara wannan ita ce Iya Saratu, wata tsohuwa Bakambara mai zuwa coci, gajera mai muryar da ake ji har rafi. Unguwarmu gauraye take da Kambari da Dukawa da Hausawa, kowa da irin Hausarsa, amma kiran hadari iri ɗaya ne a kunnen kowa.

Dije matar wani direban babbar mota ce, sun kama gida kusa da namu. Mu yara muna ce mata Gwaggo Dije. Daga cikin gari aka kawo ta, kuma ba ta bari a manta da haka ko na yini ɗaya. Tsakanin cikin garin da unguwarmu ba nisan kirki, mai talla yakan je ya dawo kafin tuwo ya nuna, amma idan Dije tana magana sai ka ɗauka daga wata ƙasa aka sauko da ita a jirgi. Ba ta zuwa gona, wai rana tana sa mata ciwon kai. Man kaɗe wai wari yake mata, amma idan nata man gyaɗar ya ƙare ni ake aikowa da ɗan kofi. Takan kwaikwayi maganar Iya Saratu a bakin rijiya tana dariya ita kaɗai. Abin taƙamarta kuwa tampol ɗin motar mijinta, wanda yakan bari a gida da damina saboda lokacin ba hatsi yake ɗauka ba. Duk unguwar babu mai irinsa. Takan shimfiɗa shi ko ba dalili, ta tsaya tana kakkaɓe shi don a gani. Ta shiga layin tsaro ne saboda ita ma tana son a kore mata awaki ranar da take barci, kuma ba ta taɓa fashin kawo shanyarta ba a ranakun sauran mata.

A satin waccan Alhamis an sami rana mai kyau a jere, sama tas. Inna ta duba ta ce bari ta dafa duka ƙwarar lokaci guda ta huta, maimakon kashi-kashi yadda ta saba. Ta kusa bushewa sai aka aiko daga Sahon Rami, inda Yaya Asabe take aure, cewa ƙafafunta sun kumbura tana son ganin Inna. Da safiyar Alhamis muka kwashi ƙwarar muka baza ta a dutse, ta ci kusan rabinsa. Inna ta biya gidan Dije da mayafinta a kafaɗa ta ce, "Dije, ga amana nan. Kwana zan yi. Idan kin ga wani abu ki yi kira, Iya Saratu tana gida." Dije ta amsa daga cikin ɗaki cewa ta sauka lafiya, ba komai. Ni kuma aka ce in kai wa Baba abinci gona, in taya shi cirar ciyawa, da la'asar in dawo mu kwashe.

Muna gona rana ta take, sai iska ta ɗauke ɗif. Ganye ba ya motsi, gumi yana bin baya, tururuwa suna ta kai da kawo da ƙwayayensu a baki. Baba ya miƙe ya dafa ƙugu ya dubi gabas, ni ma na duba, na ga ƙasan sama ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ya ce kada in damu, yanzu za a yi kira. Muka kasa kunne, don idan iska ta yi daidai har gonarmu ake jiyo sunaye. Ba mu ji komai ba sai kukan wata kurciya. Da iska mai sanyi ta taso da ƙamshin ƙasa, Baba ya ce, "Kande, ruga." Na yar da kwanon na ruga. A hanya na haɗu da 'yan firamare an sallame su, suna gudu da jakunkuna a ka suna ihun murna, ni kuwa kuka nake ban ma sani ba. Kafin in kai dutsen ruwan ya sauko, irin mai manyan ɗigo da ke zafi a fata. Babu kowa ƙarƙashin tsamiya. Can sai ga Iya Saratu tana ɗingishi da kwando a ka, ta ji tsawa ne ta fito don ba ta ji kira ba. Mu biyu muka tsinci abin da muka iya, tana haki tana faɗa da yarensu.

Daga nan na wuce gidan Dije, ruwa yana zuba daga jikina. Na same ta zaune kan tabarma ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafu a kan wata 'yar kujera. An ƙunshe su da lalle, an naɗe da ganye da tsumma har idon sawu, hannu ɗaya kuma yana cikin zunguru. Na ce, "Gwaggo Dije, ƙwarar Inna ta tafi."

Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "To ni na ce ta tafi? Ba ki ga ƙafata ba? Yau maigidan zai dawo daga Ikko. Ja mini ƙofar nan, feshi yana shigowa."

Na ja mata ƙofar. Yarinya ce ni, an koya mini idan babba ya ce yi, in yi. Amma tun a lokacin na gane abu ɗaya. Kafin ta zauna a yi mata ƙunshin, sai da ta je dutse ta rufe tsakinta ta danne da duwatsu. Ke nan ta san ruwa zai iya zuwa. Ta taka ƙwarar Inna ta wuce, ta ja tampol ɗin a gefenta, ta koma gida.

Kashegari da hantsi Inna ta dawo. Ta tarar da abin da muka tsira da shi a jibge a zaure, jiƙe sharkaf, bai kai rabi ba. Ta sa hannu ta juya. Ko ruwa ba ta sha ba ta fita, ni ina biye. Dije tana ƙofar gida tana tsince shinkafa.

"Dije, ina kwana. Maigida ya iso lafiya?"

"Lafiya lau, Innar Asabe. Kin ga abin da ruwan nan ya yi ko? Wallahi ba sallama, ina zaune kawai na ji shi a kan kwano."

"Haka ne. Tampol ɗin fa, shi ya rufe kansa?"

Dije ta ɗan yi dariya ta ce, "Ai kin san ni ban saba da wannan aikin naku na ƙauye ba. A cikin gari kowa da kayansa yake ji. Ki yi haƙuri, baɗi ma shekara ce."

Inna ta sunkuyar da kai ta dubi ƙafafun Dije, ta ce, "Ya kama kuwa. Ya yi ja sosai." Ta kama hannuna muka juya. Dije har ta ce na gode.

Rana ba ta sake fitowa da ƙarfi ba sai bayan kwanaki. Sama ta rufe, yayyafi safe da yamma, tufafi ba sa bushewa, gishiri yana narkewa a kwalba. Inna ta baza ƙwarar a ɗaki kusa da murhu, muna hura wuta muna juyawa, hayaƙi yana sa mu hawaye. Duk da haka farin gashi ya fito mata. Muka koma gona ko za a sami saura, amma kaɗanya ta gama zuba, sai ruɓaɓɓu da tsutsa ta ci. Inna ta yi man da abin da ke akwai, don ba ta iya zubar da wahala. Ya fito da duhu kamar ƙasar daɓe, yana warin hayaƙi, idan ka lasa sai ka tofar. Ta rufe shi ta tura ƙarƙashin gado ta ce na fitila ne. Ban taɓa ganin ta yi kuka a kai ba, amma takan tsaya tsakiyar aiki, in na tambaye ta sai ta ce tana tunanin idon surukan Asabe ne.

Da Dije ta ga mata sun rage amsa mata gaisuwa da fara'a, sai ta aiko da wata 'yar kwalba ta man shafawa na kanti, mai ƙamshin alewa, wai a kai wa mai ciki, ai ya fi na ƙauye tsabta. Inna ta karɓa da hannu biyu ta ce a gaishe ta. Da yamma na gan ta ta kama akuyarmu mai gyambo a ƙafa tana shafa mata shi, har sai da kwalbar ta ƙare. Wasu matan sun so a je a tsaya a ƙofar Dije a faɗa mata abin da ba za ta manta ba. Inna ta hana, ta ce, "Ba ni da baki da matar da ta dubi abincin mutane ta dubi ƙafarta ta zaɓi ƙafar." Iya Saratu ba ta tara kowa ba, ba ta yi shela ba. Kawai da ranar tsaron Dije ta zagayo, sai aka ga wata zaune ƙarƙashin tsamiya. Da aka yi kiran hadari na gaba, muka ji sunaye suna tafiya gida-gida yadda aka saba, aka zo kan nata aka tsallake. Ba a sake kiransa ba. Ita kuwa ta ce a bakin rijiya an hutar da ita, dama zaman dutse baƙi yake sa mutum.

Haka muka shiga marka, lokacin da ruwa yake wuni yana zuba siriri, hanya ta zama taɓo, itace ya ƙi kamawa, zazzaɓi ya bi yara gida-gida. Mukan zauna a zaure muna carafke da tsakuwa, muna jiran masara ta nuna a gasa. A cikin wannan zaman ne mata suka fara shigowa wajen Inna ɗaya-ɗaya, kowace da ɗan abu a bakin zani. Wannan ta juye ƙwara cikin tafi biyu, waccan ɗan ƙoƙo, su ce ga ta nan a ƙara. Babu wadda take da rara, kowa abin miyarta ta rage. Iya Saratu ce ta kawo mafi yawa, ta ce ita tsohuwa ce, haƙoranta ba sa tambayar mai.

Da kaka ta gabato aka fara cirar gyaɗa, sai mijin Dije ya naɗe tampol ɗinsa ya ɗora a mota, don lokacin dakon hatsi ya yi. Dama na mota ne. A satin nan Dije ta sari ɗanyar gyaɗa mai yawa wai za ta fara sana'ar ƙuliƙuli, ta baza ta a dutse ba ta tambayi kowa ba. Mutane sun ɗauka damina ta tafi, ciyawa ta fara ja, amma akwai ruwan nan na ƙarshe da yake zuwa da iska kamar mai fushi. Ranar Inna ce a tsaro. Ta hango shi ta miƙe ta yi kira, da muryarta marar ƙarfi, ta kira kowa ban da mutum ɗaya. Muka fito muka kwashe barkono da kuɓewa da wake, sai gyaɗar Dije ta rage a shimfiɗe, mata suna kallonta suna kallon Inna. Ni dai a raina cewa nake a bar ta ta sha. Inna ta ɗauki tsintsiya ta fara tarawa, ta ce mini, "Miƙo kwando. Ba a barin abinci a ruwa." Sauran suka sa hannu. Kafin ɗigon farko mun jibge ta a zauren Dije, tana ciki tana barcin rana. Da ta farka ta fito tana rawar jiki, tana Allah ya saka, Allah ya bar zumunci, har tana neman riƙe hannun Inna. Inna ta janye hannunta a hankali ta ce, "Kada ki gode mini, Dije. Gyaɗar na ji wa tausayi." Daga ranar har suka bar unguwar, tsakaninsu ina kwana ce da lafiya lau.

Yaya Asabe ta sauka ana girbin dawa, ta sami namiji. Inna ta yi man daga ƙwarar da aka tara mata, ya fito fari sol, sai dai bai cika babbar ƙwaryar da ta tanada tun rani ba. Ta sake ƙarama ta zuba. Da ni aka je Sahon Rami. Uwar mijin ta buɗe a gaban mata, ta lakato ta shinshina ta ce man ya yi kyau, sannan ta ƙara da cewa hala bana kaɗanyar Kontagora rowa ta yi. Aka yi dariya. Inna ta ce e, haka Allah ya nufa, ba ta kawo sunan kowa ba. Ta karɓi jikanta ta ɗumama man a tafinta ta mulke shi tun daga wuya har yatsun ƙafa. Man bai kai ƙarshen wankan jego ba ya ƙare. Da sanyi ya shigo, mu a gida da baƙin nan mai ɗaci muka shafa faso, muna zuwa rijiya ana jin warin hayaƙi a jikinmu.

Yanzu ni ma na zama Inna. Bayan na haifi na uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa nake iya zama in rubuta wannan da kaina. Dutsen nan an fasa shi an sayar da tsakuwa, itatuwan kaɗanya da yawa sun koma gawayi a buhu. Damina ma ta daina zuwa a tsare, wata shekara ta makara har iri ya ƙone a ƙasa, wata shekara ta zubo gaba ɗaya ta cika kwatoci da leda ta shigo ɗakuna. Muna zaune a gidan haya mai katangar siminti, ɗakuna a jere, kowa da kwaɗonsa. Kwanan baya na yanka kuɓewa na shanya a tsakar gida na tafi gaisuwar rasuwa, na dawo na tarar tana iyo. Amaryar da ke ɗakin kusa da nawa ta leƙo ta ce, "Sannu Mama, ai na ga hadarin tun yana haɗuwa, har na ɗauke shi a waya." Ta nuna mini, ya yi kyau kuwa. Ba ta ga abin kunya ba, sauran ma ba su gani ba, don babu wadda ta taɓa sa ran wani abu daga wata. 'Yata ta fari tana da ciki yanzu. Na zaga kasuwa na sayo mata man kaɗe a ƙulle cikin leda, ban san hannun da ya buga shi ba, ban san ranar da ta busar da ƙwararsa ba. Na kawo gida na juye a ƙwarya don ya yi kama da abin da uwa take kaiwa. Wani lokaci idan gabas ta yi baƙi nakan tuna matan nan da suka rage miyarsu saboda jikan wata, yawancinsu suna ƙasa. A lokacinsu Dije ɗaya ce tak a unguwa, shi ya sa har yau nake riƙe da sunanta.